Yadda Ake Tsefe Hoton Daji Mai Dusar Ƙanƙara

Idan aka nuna maka hoton dajin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, kada ka yi saurin cewa ya yi kyau. Fara da farin. Ma'aunin hasken kyamara yakan mayar da komai ruwan toka, shi ya sa dusar take fitowa dishi-dishi. Maganinsa a ƙara haske da mataki 1 zuwa 2 lokacin ɗauka (kowane mataki ninka hasken yake yi). In kuma an zarce, farin ya ƙone har ba a ganin tudu da kwari, faɗa wa mai hoton gaskiya, kwamfuta ba za ta dawo da shi ba.

Shuɗin cikin inuwa kuwa, ni ba na ƙinsa. Hasken sararin sama ne, kuma shi ke sa mai kallo jin sanyin.

Inda na fi daɗewa shi ne bishiyoyi. Gangar wannan ta hau kan ta waccan har sun cure wuri ɗaya? Taku biyu zuwa gefe kan raba su. Bi bakin hoton da ido, reshe ɗaya da ya leƙo yakan sace hankali. In ka ga sawun ƙafa a gaba, tambaye shi ko da gangan ya bari.