Kurakuran da iyaye kan yi wajen nuna wa yara bikin sabuwar shekarar Sinawa

Tun daga ranar ake fara tuntuɓe. Wasu iyayen suna ɗauka sabuwar shekarar Sinawa, wadda su Sinawan ke kira bikin bazara, tana zagaye shekara kamar yadda Sallah ke yi. Kalandarsu ta wata ce, gaskiya, amma duk bayan shekara biyu ko uku sukan ƙara wata guda, shi ya sa ranar ba ta fita daga tsakanin 21 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. A 2025 ranar 29 ga Janairu ce, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu, shekarar doki a tsarinsu na ba kowace shekara sunan dabba. Kwana 15 ake yi ana biki, a rufe da bikin fitilu, don haka ba sai an ɗura wa yara komai a yini ɗaya ba.

Babban kuskuren dai shi ne a cika ɗaki da jan ƙyalle, launin bikin, a ce an gama. Da yawa daga cikin al'adun nan wasa ne da sautin kalmomi, kuma nan ne daɗin yake ga yaro. Ɗauki jan ambulan da ake sa wa yara kuɗi, wanda suke kira hongbao, tamkar goron Sallah a wurinmu. Ba a sa adadin da ke da 4, domin a Sinanci "huɗu" ta yi kama da "mutuwa" a kunne. Lamba 8 ake so, don sautinta ya kusa da na "arziki". Sababbin takardun kuɗi ake sawa, yaro ya karɓa da hannu biyu, kuma ba ya buɗewa a gaban wanda ya ba shi. Wannan na ƙarshen, sai an yi ta tuna wa yara.

Kifi ma haka. Ana kawo shi ɗungurungum, a ci a rage da gangan, saboda "kifi" da "rara" sautinsu ɗaya, yu. Uwar da ta ce sai an cinye tas ta ɓata wasan.

Shara kuwa kafin biki ake yin ta. Ranar farko ba a taɓa tsintsiya, wai kada a share sa'a waje.

Wajen girki, kada a ɗauka duk Sinawa abu ɗaya suke ci. Mutanen arewa jiaozi suke naɗewa, wato ƙullin fulawa mai nama a ciki, na kudu kuma sun fi karkata ga niangao, wainar shinkafa mai danƙo. Galibi naman alade ake sa wa jiaozi, amma Musulmin Sin na ƙabilar Hui da naman rago ko na sa suke yi, sai a bi tasu hanyar. A bar yara su naɗe da hannunsu ko da zai fito a karkace. A dai hana su kafa sandunan cin abinci a tsaye cikin shinkafa, don ya yi kama da turaren da ake kunna wa mamata. Farin kaya ma na makoki ne.

Sai cuɗanya kayan wasu ƙasashe. Sushi da kimono na Japan ne. Biskit mai 'yar takardar faɗin sa'a a ciki kuwa a gidajen abincin Sinawa na Amurka ya yi suna, a ƙasar Sin ba abin teburin biki ba ne.