Yadda ake ceton mage a kuma sama mata gida a ƙauye

Yawanci da sassafe ake kawo mini 'ya'yan maguna. Yaro ya yi sallama a zaure da kwali a ka, ya ce, "Baba, a bayan masallaci na tsince su, cikin buhu." Haka al'adar take a ƙauyukanmu na wajen Ringim: mage ta haihu, masu gida su ga sun yi yawa, a zuba 'ya'yan a buhu a kai su nesa. Abin da ya hana ni juya wa irin wannan kwali baya shi ne hadisin nan da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda magen da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Amma hadisin nan gargaɗi ne har ga mai ceton. Wanda ya tara maguna ashirin a ɗaki alhali abincin biyar yake iyawa, ɗaure su ya yi. Don haka kafin komai, ka yanke adadin da za ka iya riƙewa, ka tsaya a kansa.

Sai wuri. Ɗaki guda ya isa, mai taga da aka buga wa waya don iska ta shiga, kare kuwa ya rasa hanya. Ka tanadi wani lungu daban, ko da ɗan shago ne, domin baƙuwa. Duk magen da ta zo sabuwa sai ta yi sati 2 ita kaɗai kafin ta haɗu da sauran, kwanonta daban, yashinta daban. Mura da gudawa da makero suna bin maguna da sauri, kuma makero yana kama mutum, musamman yara. Bayan gida ba ya ba da wahala: tsohon baho da yashin rafi, ita da kanta za ta tona ta binne. Kwashewa ce kullum, kuma mai juna biyu ba ta yin wannan aikin, saboda akwai cutar da ke cikin kashin mage mai illa ga ɗan tayi.

In ka ga jarirai a wani lungu, kada ka yi gaggawar ɗauka. Sau da yawa uwar ta tafi farauta ne. Ka koma nesa ka sa ido na wasu awoyi. In cikinsu a cike yake, jikinsu da ɗumi, suna barci, to da uwarsu. Waɗanda aka jefar a buhu ne ko suke ta kuka jiki a sanyaye suke bukatarka.

Nan ne aikin yake da nauyi. Jaririn mage ba ya iya ɗumama jikinsa, kuma in ka ba shi madara yana sanyi, cikinsa ba zai narkar ba. Ɗumi tukuna. Ka cika robar ruwa da ruwan ɗumi, ka naɗe ta da tsumma, ka sa a gefen kwali yadda zai iya matsowa ko ya ja baya. A sanyin hunturu, cikin Disamba da Janairu, sai ka tashi tsakar dare ka sake ruwan. Madarar shanu tana sa su zawo, zawo kuwa yana kashe jariri cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai madarar da aka yi musamman don 'ya'yan mage a shagunan maganin dabbobi na birni. Kafin ka same ta, nonon akuya da aka tafasa ya huce zuwa ɗumi ya fi dama. Ka ba shi da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, yana kwance a kan cikinsa kamar yadda yake shan mama. Kada ka rungume shi rigingine irin ɗan mutum, madarar za ta bi hanyar numfashi. Duk awa 2 zuwa 3 ake bayarwa a satin farko, dare da rana. Bayan kowane sha, ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa masa ƙasan wutsiya har ya yi fitsari, don uwarsa lasa take yi, in babu wannan ba zai iya ba. Idanunsu suna buɗewa wajen kwana 7 zuwa 10, a sati na 4 su fara lasar abinci mai laushi. In Allah ya sa akwai mage mai shayarwa a unguwa, gwada sa mata su. Sau da yawa tana karɓa, kuma ta fi ka iyawa nesa ba kusa ba.

Manya kuma ba kowacce ce kyanwar Lami ba. Wadda ta sha jifa a hannun yara za ta yi yakushi, don haka da bargo ko tawul ake rufe ta a ɗauka. In ta cije ka ko ta ja maka jini, ka wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ka tafi asibiti a ranar, domin ciwon haukan kare yana kama mage, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum babu magani.

Batun abinci mutane suka fi kuskurewa. Mage maciyar nama ce. Tuwo da miya zalla suna rame ta, a hankali har ganinta ya raunana. Ni na shirya da wani mahauci da mai gasa kaji, ran kasuwa su tara mini tarkacen nama da kayan ciki, uwargida ta dafa ba gishiri, ba yaji, ba albasa, ba tafarnuwa, don waɗannan biyun na ƙarshe suna lalata mata jini. Ƙananan busasshen kifi na Haɗeja yana taimakawa, a murmushe a cikin ɗan tuwo. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soke hanji, a cire shi. Ruwa kullum sabo. Da bazara za ka ga duk sun kwanta a gindin randa, ka bar su.

Magani kuwa, kada ka zama likitan kanka. Paracetamol ƙwaya ɗaya tana kashe mage. Fiya-fiya da maganin feshin gona da wasu ke shafa wa dabba don ƙuma, guba ne a gare ta, tunda lasar jikinta take yi. Ka nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku ya ba da maganin tsutsar ciki daidai nauyinta, ya yi mata rigakafin haukan kare in ta kai wata 3. Ka tambaye shi kuma inda ake tiyatar hana haihuwa, ko da sai an je Dutse ko Kano. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5, cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne kawai, ta haihu sau biyu ko uku a shekara. Mace guda da aka yi wa aikin ta rage buhuna da yawa. Muzuru ma likita ne zai fiɗiye shi da allurar barci, ba a dandaƙe shi kamar bunsuru.

Sama musu gida ya fi sauƙi bayan girbi, lokacin da rumbuna suka cika da gero da dawa, ɓeraye suka addabi kowa. Ba na bayarwa sai ɗan ya cika sati 8, kuma ba na karɓar kuɗi. Yaro in ya zo nema, nakan ce ya turo babansa. Shi kuma in tambaye shi: "Malam, kuna sa maganin ɓera a gida?" In suna sawa sai sun daina, don magen da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya mutuwa. Ina kuma gaya masa farauta ba ta ƙosar da ita, a riƙa ba ta abinci, ƙoshi ba ya hana ta kama ɓera. Mai 'yan tsaki ya kife su da akurki har su yi ƙwari. Mai shakkar tsarki nakan tuna masa hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa, cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu.

A kwando mai murfi ko kwali mai huji ake tafiya da ita, ban yarda da buhu ba. A sabon gida a tsare ta a ɗaki sati 2, in ba haka ba za ta kama hanyar inda ta fito. Ina da ɗan littafi da nake rubuta ranar da kowacce ta zo, maganin da ta sha, da gidan da ta tafi. Ran kasuwa mai zuwa nakan biya in leƙa ta, in kuma maimaita wa maigidan abin da na faɗa tun ranar farko: in riƙon ya gagara, a aiko yaro ya dawo mini da ita zaure.