Yadda ake ɗora manhajar yanar gizo daga samfuri ba tare da farin shafi ba

Masu koyo da yawa ba a wajen rubuta kod suke faɗuwa ba. Manhajar tana tafiya lafiya lau a kwamfutarsu, ranar da suka ɗora ta a intanet sai su tarar da farin shafi fes, ko ginin ya tsaya da jan rubutu.

Ka fara sa Node.js, manhajar da ke gudanar da JavaScript a kwamfuta. Ka ɗauki wanda aka yi wa alamar LTS, wato wanda ake daɗewa ana kula da shi, kada ka ɗauko sabon fitowa don burgewa. A tagar umarni ka rubuta `npm create vite@latest`, Vite, kayan aikin haɗa manhajar, zai kawo maka samfuri, ka zaɓi React ko Vue, kayan gina fuskar manhaja. Create React App kuwa, tsohon kayan fara aikin React, ka rabu da shi. Masu React da kansu sun sanar da ajiye shi tun Fabrairun 2025, amma tsofaffin darussan bidiyo har yanzu shi suke koyarwa. Daga nan ka shiga foldar da ya ƙirƙira, ka yi `npm install`, sai `npm run dev`, ka buɗe localhost:5173 a burauza.

To nan ake yaudarar kai. Abin da kake gani yanzu ba shi za a ɗora ba. Kafin ka tura komai, ka yi `npm run build`, wanda zai haɗa maka foldar `dist`, sannan `npm run preview` don ka ga ainihin abin da jama'a za su gani. Ni a wurina wanda bai yi wannan ba bai gama aiki ba.

Ko da ya wuce nan, akwai tarkon da kwamfutarka ba za ta nuna maka ba. Windows ba ta damu da babban harafi ko ƙarami a sunan fayil ba, amma sabar da za ta gina manhajar Linux take amfani da shi, kuma Linux ya damu. Idan fayil sunansa `header.jsx` kai kuma ka kira `./Header`, a wurinka zai yi aiki, a can zai ce bai ga fayil ba. Mutum ya wuni yana goge `node_modules`, foldar da `npm install` ke cikawa, yana sake sawa, alhali harafi ɗaya ne. Git ma, mai adana tarihin kod, a Windows ba ya lura idan harafi kawai ka canja, saboda haka ka yi amfani da `git mv` wajen canja sunan.

Sai sirri. A Vite, duk abin da ka sa a `.env`, fayil ɗin saituna, da ya fara da `VITE_` ana cusa shi cikin kod ɗin da ke zuwa burauzar kowa. Mabuɗin sirri na wani sabis da ake cajin kuɗi a kansa bai da gurbi a nan, sabar ce gidansa. Ka tabbata `.env` da `node_modules` suna cikin `.gitignore`, jerin abubuwan da Git ba zai tura ba, amma `package-lock.json` ka tura shi.

Ɗorawa ba wuya. Ka tura kod GitHub, dandalin ajiye kod, ka haɗa da Netlify ko Vercel, masu ɗora shafi a intanet, duka suna da tsarin kyauta da ya ishi mai koyo. Umarnin gini `npm run build`, folda `dist`, ka sake rubuta abubuwan `.env` a saitinsu. Idan GitHub Pages ka zaɓa, ka sa sunan ma'ajiyar kod ɗinka ta GitHub a `base` cikin `vite.config.js`, in ba haka ba farin shafin nan zai dawo. Idan kuma shafi na ciki yana ba da 404, wato ba a ga shafi ba, in an sabunta shi a Netlify, ka ajiye fayil `_redirects` a foldar `public` ɗauke da `/* /index.html 200`.