Gyaran tsohon gida: yadda ake bi da tsagar kankare da rufin asbestos

Jama'a masu sayen tsofaffin kwatas na gwamnati ko waɗanda suka gaji gidan da aka gina tun shekarun 1970 zuwa 1980, abu biyu ne kusan kullum ke jiranku a ciki, bango ko dekin da ya tsage, sai kuma wannan farin kwanon siminti ko silin ɗin nan mai murabba'i da ake kira asbestos. Kuma abin da na lura shi ne mutane juya aikin suke yi, tsagar da ya kamata a buɗe ta a ga cikinta sai a shafe ta da siminti a bi da fenti, shi kuma asbestos da ya kamata a lallaɓa shi sai a turo yara lebura su hau da guduma suna farfasawa ƙura na tashi.

Mu fara da tsaga. Kafin ka sayi ko buhu ɗaya na siminti ka tsaya ka gane wace iri ce. Akwai ta filasta, siririya kamar gashi, ta bazu ko'ina a fuskar bango, yawanci wannan rashin ban ruwa ne ya jawo ta, an yi yaɓe cikin hunturu ko zafin bazara iska ta shanye ruwan kafin siminti ya kama. Ka ƙwanƙwasa wurin da bayan cokalin magini, in ka ji yana ƙara irin ta holoƙo to filastar ta rabu da bulo, sai a kankare ta a sake. In kuma ƙam take, fila, wato abin cike ƙananan tsaga, da fenti sun isa, kar ka bari wani ya tsorata ka.

Wadda za ta hana ka barci ita ce wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa tana bin layin bulo hawa-hawa, ko wadda ta fi faɗi a sama ta tsuke a ƙasa, ko ka ga ƙofa da da tana rufuwa lafiya yanzu sai an sa kafaɗa. Wannan daga fandisho take, ƙasa ce ke motsi. A wuraren da ke da baƙar laka, irin firgi ta Borno da wasu sassan Gombe da Adamawa, ƙasar kumbura take da damina ta tsuke da rani, ginin kuma yana binta. Wani lokacin ma ba ƙasar ba ce, sokawe ne ke yoyo a gindin bango, ko indararo yana zuba ruwa daidai wuri ɗaya shekara da shekaru, ko wata darbejiya da aka shuka dab da katanga saiwarta ta shige ƙasan gini. In ba ka tare wannan ba wallahi ko sau goma ka liƙe sai ta dawo.

Yadda za ka san tsaga tana raye ko ta mutu ba wuya. Kwaɓa ɗan POP ka manna shi a kan tsagar kamar faɗin tafin hannu, ka rubuta kwanan wata a gefe da fensir, ka kuma ja layi a inda tsagar ta ƙare. Bar shi ya ga damina ya ga rani in da hali. In POP ɗin ya dare ko tsagar ta wuce layinka, ginin na motsi har yanzu. Irin wannan, da duk wadda ta kai faɗin milimita 5, da duk wadda ke jikin fila (ginshiƙi) ko bim ko dekin, ba aikin birkila ba ne shi kaɗai, a nemo injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba. Na san kuɗin ganin injiniya na yi wa mutane ciwo amma dekin ba ya ba da notis.

To in ta mutu, ga aikin. A sa cizal da hama a faɗaɗa bakin tsagar, a shiga ciki kamar santimita 1 zuwa 2, duk abin da ke girgiɗi a cire shi. A share da buroshi a wanke da ruwa, a jiƙa wurin sosai amma kar a bar ruwa kwance, don busasshen bango tsotse ruwan sabon kwaɓi yake yi ya bar maka gari. A shafa ruwan siminti mai kauri, in da hali a haɗa da gam ɗin nan na kankare da ake kira SBR, ana samunsa wajen masu kayan gini, tun bai bushe ba a cusa kwaɓi, kwanon sarki ɗaya na siminti uku na yashi mai kyau wanda ba laka a ciki. A danna shi ciki da ƙarfi, ba shafawa a kai ba. Inda bulo ya haɗu da fila yawanci nan ma yana darewa, a buga wayar raga irin ta kejin kaji ta haye ɓangarorin biyu kafin a yi filasta. Sai ban ruwa, safe da yamma na kwana 7 aƙalla, a rufe da jiƙaƙƙen buhu in rana na dukan wurin. Nan ne masu aiki ke gudu, an biya su sun tafi, don haka kai mai gida ka riƙe wannan da kanka. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, kar a yi gaggawar fenti.

Akwai kuma ta ƙasan dekin, inda za ka ga jan tabo sannan kankare na ɓantarowa rodi ya leƙo. Ruwa ne ya shiga rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take ta ture kankaren. A fara tokare dekin ɗin, a sassaƙe har bayan rodin yadda yatsa zai zagaya shi, a goge da buroshin waya har ƙarfe ya fito fes, a shafa maganin tsatsa sannan a mayar da kwaɓi mai gam. In rodin ya cinye ya sirance, injiniya ne zai faɗi yadda za a ƙara wani. Kuma a hau sama a gyara inda ruwan ke kwanciya.

Yanzu asbestos. Wani ma'adini ne mai zare-zare da ake haƙowa, ana cakuɗa shi da siminti a yi kwanon rufi da silin da bututun ruwa, ba ya cin wuta ba ya tsatsa ga sanyi a ɗaki, shi ya sa aka rufe makarantu da asibitoci da barikoki da shi, har masana'antarsa an yi a Bauchi. Matsalar ƙurarsa ce. Zaren ya fi ƙarfin ganin ido, in ya shiga huhu ba ya fita, yana jawo taurin huhu da kansar huhu da wata kansa ta fatar da ta lulluɓe huhun, kuma ba yau ba gobe ba, sai bayan shekara 20 ko 30 ko fiye. Yaron da ya fasa maka silin yana ɗan 18 zai iya kai 50 kafin tari ya kama shi, ba wanda zai tuna da gidanka. Mai shan sigari kuma haɗarinsa ya ninka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk nau'insa na sa kansa har da wanda ake kira farin asbestos. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Amurka ta haramta farin a 2024.

Ba a gane shi da ido, don sabbin allunan siminti marasa asbestos kama suke da shi, ɗakin gwaji ne kawai ke tabbatarwa. Saboda haka in gidan tsoho ne ka ɗauka shi ne kawai.

In lafiyarsa ƙalau, bai fashe ba ba ya zubar da gari, mafi alheri a ƙyale shi. Silin a shafa masa fenti da buroshi mai laushi a rufe fuskarsa, ba gogewa da samfefa, ba kankarewa, ba huda shi don rataya fanka ko jan waya. Wannan na ƙarshen masu wayarin su ji da kyau. Masu gyaran tsaga ma haka, in tsagar ta hau har saman bango kar a fasa silin don a samu hanya.

In kuwa dole sai an sauke, abin da ya fi shi ne a samu waɗanda suka san aikin. In babu, ga ƙa'idar da ba a tsallakewa. A kwashe iyali da kaya daga gidan, a kashe fanka, a gaya wa maƙwabta su rufe taga, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa. Masu aiki su sa takunkumi mai lamba FFP3 ko P100 wanda ya kama fuska, irin na asibiti da muka saba da shi lokacin korona ba ya tare wannan zaren, rawani ko hankici ma haka, kuma mai gemu ya sani takunkumin ba ya zama daram a kan gashi. A jiƙa allon da ruwa mai ɗan omo da abin feshi a hankali, ba tiyo mai ƙarfi ba, a kashe wutar gidan tukuna. A kwance ƙusa ko noti a ciro shi ɗungurungum, mutum biyu su miƙo shi ƙasa, ba jefowa. Injin yanka da na huda kar ma a shigo da su gidan. Kar a taka kwanon kai tsaye, tsohon asbestos burmawa yake ba gargaɗi, a gitta katako a kan inda azara take.

Ba a cin abinci ko shan ruwa a wurin. In an gama ba shara da tsintsiya, jiƙaƙƙen tsumma ake bi da shi, tsumman da ledar ƙasa da kayan aikin da aka sa duk a haɗa a ƙulle. Kar lebura ya koma gida da rigar nan matarsa ta kakkaɓe ta wanke, an sha samun matan ma'aikata da suka kamu ta wannan hanyar a ƙasashen da aka yi masana'antunsa. Ya yi wanka kafin ya tafi.

Allunan a naɗe su cikin leda ninki biyu a ɗaure a rubuta a jiki, sannan a tuntuɓi ma'aikatar muhalli ta jiha a ji inda za a binne. Kar a ƙona, wuta ba ta cin zaren, allon ne kawai zai fashe ya watsa shi. Kar a zuba gutsattsarin a ramin layi don cike taɓo mota ta riƙa niƙa shi yara na wasa a kai, kuma in maƙwabci ya zo roƙon na rufe akurkin kaji ko ɗakin awaki, ka ba shi haƙuri ka gaya masa dalili.