Yadda Za Ka Riƙe 'Yan'uwanka Bayan Kowa Ya Kama Gabansa

Ƙanina yana da shekara 23 ranar da ya kira ni ya ce ya ajiye aikin da ya samu da ƙyar, zai koma makaranta ya karanci wani fanni daban. Ban bari ya kai aya ba. Na hau shi da faɗa, na lissafa masa duk abin da ya taɓa farawa ya watsar tun yana firamare, har da keken da ya kwance ya kasa mayarwa. Ya yi shiru har na gama, sannan ya ce, "Yaya, ba izini na kira nema ba. Faɗa miki nake yi don kada ki ji a bakin wani." Daga nan muka yi wata biyu babu abin da ke haɗa mu sai "barka da safiya" a guruf ɗin gida.

Ni ce babba cikin mu huɗu, kuma a waɗannan wata biyun na gane inda nake tafka kuskure. Da yaro ɗan shekara 12 nake magana, wanda na bari a gida lokacin da na tafi jami'a. Shi kuwa wanda ya kira ni ya riga ya iya biyan kuɗin haya, ya san zafin shugaban da ke wulaƙanta ma'aikaci, ya kwana uku yana lissafi kafin ya yanke hukunci. Saboda haka matakin farko, wanda ya fi kowanne wuya, shi ne ka sabunta hoton ɗan'uwanka da ke cikin kanka.

Hanyar yin hakan tambaya ce, kuma tambayar da ba ka riga ka san amsarta ba. "Ya aiki?" ba ta kai ka ko'ina, "lafiya lau" za a ce maka. Tambaye shi wa ya fi shiri da shi a wurin aiki, me ke hana shi barci kwanan nan, me ya daina so cikin abubuwan da ka san shi da su. Ni sai da na yi irin wannan tambayar na san ƙanwata, wadda muke tsokana da matsoraciya, ita ke tsayawa gaban mutum hamsin tana gabatar da bayani duk mako. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Jeffrey Arnett, ya ware shekarun 18 zuwa 25 a matsayin zango mai zaman kansa a wata maƙala da ya fitar a 2000, zangon gwaji da sauye-sauye a aiki, soyayya da ra'ayi. Idan ɗan'uwanka yana cikin waɗannan shekarun, sauya hanya da yake yi ba lalacewa ba ce. Kai ma ka yi naka, ka manta ne kawai.

Idan kai ne babba, koyi raba "ina neman shawara" da "ina sanar da kai". In ba ka tabbata ba, tambaya kai tsaye: so kake in ce wani abu, ko in saurara? Da farko abin zai yi maka banbaraƙwai a baki. An ce babba juji ne, kuma juji ai karɓa yake yi. In kuma kai ne ƙarami, ka sani yayanka ba zai daina ɗaukar ka yaro ba muddin ba ya jin muryarka sai ranar da ka shiga matsala. Kira shi wata rana ba tare da buƙata ba, ka tambayi lafiyar bayansa da yake kuka da shi. Mamakin da za ka ji a muryarsa zai nuna maka tsawon lokacin da ya ɗauka babu wanda ya tambaye shi.

Sai maganar lokaci. Muna yara ba mu taɓa shirya haɗuwa ba, rufi ɗaya ne ya yi mana aikin: layin banɗaki da safe, rigima kan rimot, wa ya sa rigar wa. Da kowa ya fita, wannan injin ya tsaya, kuma babu wanda ya lura. Masu bincike biyu, Robin Dunbar da Sam Roberts, sun bi wasu ɗalibai a Birtaniya na tsawon wata 18 lokacin da suke barin sakandare zuwa jami'a ko aiki, suka ga abota tana saurin yin sanyi idan aka rage haɗuwa, alhali dangantakar jini tana jurewa. Labari ne mai daɗi, amma a ganina nan tarkon yake. Tunda mun san ɗan'uwa ba zai gudu ba, shi muke ajiyewa a ƙarshen layi, har a wayi gari kun zama baƙi masu kama da juna. Zumunta a ƙafa take, yanzu kuma har da babban yatsa. Tsayar da lokaci guda wanda ba ya buƙatar sabon shiri kowane mako, misali daren Lahadi, minti 15. Gajeren kira da ake yi kullum ya fi dogon da ake ta ɗagawa.

Kada ka ɗauka guruf ɗin gida ya wadatar. A can kowa yana sanye da rigar da aka san shi da ita: mai barkwanci yana barkwanci, mai wa'azi yana turo wa'azi, auta tana shan tsokana. Ba wanda zai rubuta a gaban kowa cewa ya faɗi jarrabawa ko an fasa aurensa. Kowane ɗan'uwa yana buƙatar layinsa shi kaɗai da kai.

Kuma ku daina mayar da mahaifiya gidan waya. "Mama, ki faɗa wa ɗanki ban ji daɗin abin da ya yi ba." Saƙon zai isa, amma ba yadda ka aiko shi ba, domin uwa tana rage gishiri ko ta ƙara don ta kare ɗaya daga cikinku, ita kuma ta kwana da ciwon kai. Mai laifi yana da lamba, kira shi.

Kuɗi ne ya fi kashe zumuncin manya, kuma yawanci adadin ba shi ne matsalar ba, rashin faɗin sunan abin ne. Kai ka bayar a matsayin rance, shi ya karɓa a matsayin kyautar yaya. Shekara ta zagayo, kai kana ƙullace da shi, shi bai ma san ana binsa ba. Kafin kuɗin su bar hannunka ka furta kalma ɗaya daga cikin biyu: kyauta ko bashi. In bashi ne, a sa rana, a rubuta ko da saƙon waya ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana, kuma ba ta cire 'yan'uwa ba. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina ita ce ba na ba ɗan'uwana rancen da idan bai dawo ba zan kasa kallon fuskarsa. In ba zan iya ba, ina cewa ba zan iya ba, in bayar da ɗan abin da zan iya yafewa.

Akwai rigimar da ba ta da alƙali, ita ce ta "yadda aka yi da muna yara". Ni na tashi a hannun uba matashi, mai zafi, mai fafutukar tsayawa da ƙafarsa. Autarmu ta tashi a hannun dattijon da jikoki ke hawa wuyansa. Idan na ce Baba yana da tsanani, sai ta kalle ni kamar ina yi masa ƙage. Tun 1987 Robert Plomin da Denise Daniels suka jawo hankalin masana kan wannan: 'ya'yan gida ɗaya ba muhalli ɗaya suke tashi a ciki ba, kowa da nasa. Haka batun ɗan lele. Binciken Jill Suitor da Karl Pillemer kan iyaye mata da manyan 'ya'yansu ya nuna cewa jin ana fifita wani yana bin 'yan'uwa har girma yana ɓata tsakaninsu. Tsohon ciwo ne, shi ya kai Annabi Yusuf cikin rijiya. Don haka idan ɗan'uwanka ya ce an fi son ka, kada ka ɗauko hujjoji. Ce masa, "Ban san haka ka ji ba, ba ni labari." Ba dole ka yarda da labarinsa ba kafin ka saurare shi.

Ranar da ɗayanku ya yi aure, ka sauka daga kujerar farko da kanka kafin a sauke ka. Kada ka nemi sirrin gidansa, kada ka faɗi aibin matarsa ko mijinta ko da su suka fara, domin su za su shirya, maganarka kuma ta zauna.

In an riga an ɓata fa? Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Abin da na koya shi ne ban haƙuri mai "amma" a tsakiya ba ya aiki, kuma jiran wanda ya fi laifi ya fara yana iya cin shekaru. Ban ce ka koma inda ake cutar da kai da gangan ba, wannan wani babi ne, kuma nesa-nesa da gaisuwa halal ce. Amma yawancin shirun da ke tsakaninmu girman kai ne ke ciyar da shi.

Ni saƙon murya na tura wa ƙanina, na daƙiƙa 20, bayan na goge guda huɗu da suka fi shi tsawo. Na ce, "Na yi garaje ran nan, ka yi haƙuri. Wane kwas ne ma za ka karanta?" Alamar ya saurara ta fito, sannan shiru har dare. Wajen ƙarfe 11 sai ga nasa, minti bakwai cur, yana bayanin darussan zangon farko da yadda ya tsara biyan kuɗin makaranta. Bai ambaci faɗan ba, ni ma ban tayar ba. A ƙarshen saƙon ya ce, "Kuma Yaya, keken nan fa na mayar da shi daga baya. Kin riga kin tafi makaranta ne."