Ku kula da kwanar ƙarshe kafin sauka

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman ɗalibanmu masu koyon tuƙin jirgi a Zariya. Ƙananan jirage da yawa a kwanar ƙarshe suke faɗuwa, lokacin da matuƙi ke karkatowa ya fuskanci titin sauka. Iska ta tura shi ya zarce layin titin, sai ya ƙara karkata jirgin, ya danna fedar da ke juya jirgin hagu ko dama, ya ɗaga hanci, alhali gudu ya riga ya ragu. Nan take fiffike ɗaya ya daina ɗaukar nauyi, jirgin ya juya, ga ƙasa kusa, babu sararin gyarawa.

Abin da ake mantawa: karkata tana ƙara gudun da fiffike ke buƙata. A digiri 45 ƙarin ya kai kashi 19 cikin ɗari, a digiri 60 kuwa kashi 41. Don haka a ƙaramin jirgin koyo Cessna 172 ka riƙe gudun not 65 zuwa 70 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), kada karkatarka ta wuce digiri 30. Ranar da iskar hunturu ke bugowa, ƙara rabin bambancin da ke tsakanin gudunta na yau da kullum da na bugunta mai ƙarfi a kan gudunka.

Ham ɗin da ke gargaɗin fiffike zai daina ɗaukar nauyi ya yi ƙara? Sassauta sitiyari gaba tukuna, sannan ka cika totur. In ka zarce layi, don Allah bar gyare-gyare, ka tashi ka sake zagayowa.