Yadda Malamin Makaranta Zai Riƙe Ma'anar Aikinsa Ba Tare da Aikin Ya Cinye Shi Ba

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna fitilar ƙwai ya san abin da ke faruwa idan kananzir ya ƙare ba a ƙara ba. Wutar ba ta mutuwa nan take, sai ta koma cin lagwani, haskenta ya yi ja, hayaƙi ya turnuƙe ƙwan, kuma lagwanin da zai yi wata guda ana amfani da shi ya ƙone a dare ɗaya. Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar firamare ta gwamnati, kuma na ga wannan hali a jikin abokan aikina, na kuma ɗanɗana shi da kaina. Malami yana zuwa aji kullum, yana sa hannu a rajista, yana riƙe alli, amma abin da yake ƙonawa ba ƙarfinsa na yau ba ne, lafiyarsa ce da haƙurinsa da son da yake yi wa yara.

Masana sun daɗe da ba wa wannan hali suna, kuma sunan da suka zaɓa, wato "burnout" a Turance, ma'anarsa ƙonewa. A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger ya yi rubutu a kansa, bayan ya lura da masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta da ke birnin New York, inda ya ga cewa waɗanda suka fi kowa sadaukar da kai su ne suka fi saurin durƙushewa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo wanda ba a shawo kansa ba, ta kuma ambaci alamominsa uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar aiki a zuciya har mutum ya riƙa kallonsa da ƙyama, da raguwar ƙwazo. A bakin malami alama ta biyu ce ta fi fitowa fili. Ranar da ka ji kanka kana cewa "yaran nan ba za su taɓa ganewa ba", alhali a da kai ne mai tsayawa bayan an tashi don ka sake yi wa yaro bayani, to ka san lagwani ya fara ci.

Abin da za ka fara yi shi ne ka bambance gajiyar yau da kullum da wannan. Gajiyar da aka saba tana jin barci, tana jin hutun ƙarshen mako. Idan kuwa an yi dogon hutu, ka dawo, kuma tun daren da za a koma makaranta ƙirjinka ya yi nauyi, to abin ya wuce gajiya. Kafin ka yanke hukunci, ka je a auna jininka, domin hawan jini da ciwon sukari da ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro da bai warke sosai ba duk suna kawo kasala mai kama da wannan, kuma su maganinsu yana asibiti.

Daga nan sai ka nemi inda ma'anar aikinka take, kuma a ganina ba ta cikin manyan kalmomi irin su gina ƙasa ko tarbiyyar manyan gobe. Waɗannan gaskiya ne, amma sun yi nisa da mutumin da ke tsaye gaban yara sama da tamanin, rabinsu a zaune a ƙasa, a cikin zafin watan Afrilu. Ma'anar tana jikin mutum ɗaya da za ka iya kiran sunansa. Wani mai bincike a Amurka, Adam Grant, ya gwada wannan da ma'aikatan da ke buga waya suna neman gudummawar tallafin karatu ga wata jami'a, aikin da yawancinsa ƙi da kashe waya ake yi musu. Ya kawo musu ɗalibi ɗaya da ya ci moriyar tallafin, suka zauna da shi na minti biyar kacal, kuma bayan wata guda kuɗin da waɗannan ma'aikata ke tarawa ya haura ninki biyu. Ba a ƙara musu albashi ba, ba a canza musu aiki ba, fuskar wanda suke yi wa wahala kawai suka gani.

Malami yana ganin fuskokin kullum, sai dai yawansu ne ke rufe masa ido, don haka dole ya riƙa tsamo su ɗaya-ɗaya da gangan. Akwai wata yarinya da na koyar a aji uku, wadda ta shafe zango guda ba ta buɗe baki ba, tana zama can baya kusa da taga da guntun fensir ɗaure a bakin hijabinta. Wata safiya ta zo da kwalin magani babu komai a ciki, ta ajiye a kan teburina, ta ce da ni, "Malam, jiya ni na karanta wa kakata cewa sau biyu ake sha, ba sau uku ba." Na rubuta wannan magana a bayan littafin shirin darasina tare da kwanan wata. Tun daga ranar na ware ƙaramin littafi, duk ranar Alhamis ina rubuta abu ɗaya da ya canza a wurin yaro ɗaya a wannan mako: wane ya daina juya harafin b da d, wance ta yi rabawa ba tare da tsinken ashana ba. Ina ba kowane malami shawarar ya yi haka, domin zuciya tana riƙe zagin da uban yaro ya yi maka har shekara guda, amma tana manta irin wannan kafin la'asar. Littafin ba don mai duba makarantu ba ne, naka ne, kuma ranar da ka ji aikinka ba ya tsinana komai ita ce ranar buɗe shi.

Bayan ganin mutumin, sai ka nemi wani yanki na aikin da kai ne mai iko da shi. Ba kai ka tsara manhaja ba, ba kai ke ɗaukar yara ba, kuma ba kai za ka gyara rufin da iska ta yaye ba. Amma a 2001 wasu masu bincike biyu, Amy Wrzesniewski da Jane Dutton, sun bayyana yadda wasu masu sharar asibiti suka sake fasalin aikinsu da kansu, suna hira da marasa lafiyar da ba su da masu ziyara, suna tsara sharar yadda za ta sauƙaƙa wa ma'aikatan jinya, har suka riƙa ɗaukar kansu a cikin masu kula da majinyata, alhali takardar aikinsu ba ta canza ba. A aji, wannan yana nufin ka zaɓi abu ɗaya ƙarami ka ce wannan nawa ne. Misali, ka ware yara takwas da suka fi rauni a karatu, ka ba su kwata ɗin awa sau uku a mako, ka bi su har ƙarshen zango. Takwas ɗin ba su ne duka ajin ba, kuma zuciya za ta dame ka saboda sauran, amma sakamakon da za ka gani da idonka shi ne zai ba ka ƙarfin tsayawa gaban sauran ɗin. Mai son tsamo yara tamanin a lokaci guda yakan ƙare bai tsamo ko ɗaya ba.

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin son aiki yana da nasa haɗarin. An daɗe ana gaya wa malamai cewa ladansu yana lahira, kuma muna fatan Allah Ya sa haka ne, amma sau da yawa ana faɗin wannan magana ne don a rufe bakin mai neman haƙƙinsa na duniya. A Yulin 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya Naira 70,000, kuma duk mai zuwa kasuwa ya san inda wannan kuɗi ke tsayawa a gidan mai iyali. Christina Maslach, wadda ta shafe shekaru tana nazarin wannan matsala, ita da abokin aikinta Michael Leiter sun nuna cewa tushenta yakan kasance a wurin aikin, ba a raunin ma'aikaci ba: nauyin aiki, rashin ta-cewa, ƙarancin sakamako, lalacewar zumunci tsakanin abokan aiki, rashin adalci, da tilasta wa mutum yin abin da ya saɓa wa imaninsa. Ka zauna ka gano wanne ne a cikinsu yake cin ka. Idan jinkirin ƙarin girma ne ko albashin da ba ya zuwa a kan kari, littafin ranar Alhamis ba zai warkar da shi ba, hanyarsa ita ce takarda a rubuce da reshen Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa. Idan kuwa kujeru ne ko rufi, wannan magana ce ta kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Mayar da kowace matsala wurin mai ita yana sauke wa malami nauyin zargin kansa a kan abin da ba laifinsa ba.

Sai maganar awoyi, wadda yawancinmu ba ma son lissafawa. Ka ɗauki mako guda kana rubuta duk lokacin da ka yi aiki: makarantar boko da safe, Islamiyya da yamma, darasin gida da kake yi wa 'ya'yan wasu bayan magariba, duba littattafai da hasken waya, gona ko shago ko tuƙin Keke Napep a ƙarshen mako. Malama kuma ta haɗa da girki da wanki da rainon da ke jiran ta a gida, domin jiki bai san bambancin aikin da ake biya da wanda ba a biya ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoton cewa yin aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin ɗari, idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Na san ba kowa ne zai iya ajiye aikin da ke cike masa kuɗin cefane ba, amma kusan kowa zai iya rage aikin da ba ya kawo kuɗi kuma ba ya ƙara wa yara komai. Ba dole ba ne ka duba kowane littafi kowace rana. Ka raba ajin gida huɗu, kowace rana ka duba kashi ɗaya da kyau, sauran kuma yara su yi musayar littattafai a gyara tare a kan allo. Ka sa lokacin da kake rufe zauren WhatsApp na makaranta, misali bayan sallar isha'i, kuma ka sanar da mutane tun da wuri don kada a ɗauka raini ne.

Mafi wuya shi ne cewa a'a ga na gaba, musamman a al'adarmu ta kunya da kara, kuma malami mai ƙwazo shi ake ɗora wa jarrabawa da wasanni da rajista da rakiyar baƙi, saboda an san ba zai ƙi ba. Akwai hanyar da ba ta zubar da girman kowa. Ka sami shugaban makaranta shi kaɗai a ofishinsa, ka gaishe shi, sannan ka ce, "Ranka ya daɗe, yanzu haka ina riƙe da haɗa sakamakon jarrabawa da ajin karatu na yara masu rauni. Idan na karɓi wannan, ɗaya a ciki zai lalace. Wanne kake so in ajiye?" Ba ka ƙi umarni ba, ka dai mayar masa da zaɓi, kuma yawancin shugabanni ba su san yawan abin da suka riga suka ɗora wa mutum ba sai an lissafa musu.

Wanda yake ganin hutu a matsayin ragwanci ko ƙarancin ikhlasi, ya tuna labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i. Salman ya tarar da ɗan'uwansa yana azumi da rana, yana tsayuwar dare, ya yi watsi da iyalinsa, sai ya ce masa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma suna da haƙƙi a kansa, ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da aka kai maganar wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce Salman ya yi gaskiya. Idan ibada kanta an sa mata iyaka, to duba littattafan aji huɗu bai fi ƙarfin iyaka ba. Malaman makarantun allo ma tun da can suna ajiye alluna ranar Alhamis da Juma'a. Ka ware yini ɗaya a mako da ba ka taɓa jan biro, ka kiyaye ƙailula ko da ta minti ashirin ce, kuma ka kula cewa kwanciya da waya a hannu har tsakar dare ba hutu ba ne.

Kada ka ɗauki nauyin kai kaɗai. Malamai biyu da ke koyar da darasi ɗaya za su iya raba rubuta shirin darasi, wannan ya yi na makon farko, wancan ya yi na biyu. Ka kuma sami mutum ɗaya a cikin abokan aiki da za ka gaya wa gaskiyar halin da kake ciki, ba mai taya ka zagin hukuma a gindin bishiya ba, wanda zai iya ce maka ka rame, ka je gida.

Idan ka yi duk wannan na tsawon zango guda abin bai sauya ba, ka nemi a canza maka aji ko darasi, ko ka nemi sauyin makaranta, domin wani lokaci wurin ne bai karɓe ka ba, ba sana'ar ba. Idan kuma rashin barci da rashin cin abinci da baƙin ciki sun wuce mako biyu, sun bi ka har gida da masallaci da wurin biki, ko ka fara shan ƙwaya don ka iya tsayawa a aji, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa maka, to wannan ya fita daga maganar aiki ya shiga maganar lafiya. Ka ga likita a babban asibitin da ke kusa da kai, ka gaya masa tun yaushe abin ya fara da yawan awoyin da kake barci. Idan akwai buƙata zai tura ka wurin ƙwararru, irin waɗanda ke asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma yana da kyau ka tafi da ɗan'uwa ko aminin da ya ga yadda ka canza, saboda shi zai tuna abin da kai za ka manta a gaban likita.